Labarin Duwatsun Ningi Da Mutanensu

Ya ku 'yan makaranta, a wannan mako za mu ɗauke ku daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano, mu kai ku wata ƙasa ta duwatsu wadda ta ke kudu maso gabas da mu, watau Ningi. In kun duba taswira za ku ga ba wani nisa gare ta ba, mil 100 ne da 'yan kai. Amma a zamanin kakanninmu, Bakano ya fi yarda ya ɗaura kaya ya tafi Gwanja fataucin goro, tafiyar watanni, da a ce ya kwana ɗaya a gindin waɗannan duwatsu. In an ambaci Ningawa a ƙauyukan kudancin Kano, ba abin da ke faɗo wa mutane a rai sai hari, da ƙonon gari, da kamun bayi.

To, abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, waɗanda suka kafa sarautar Ningi Kanawa ne, malamai ne kuwa, daga wani gari suka fita wanda ke nan kusa da mu. Watau labarin Ningi wani yanki ne na labarin Kano. Amma ba za ku gane shi ba sai kun fara sanin kamannin ƙasar, don dutsen nan shi ne mabuɗin labarin duka.

Hanya Da Kamannin Ƙasa

Wanda ya tashi daga Unguwar Gano ko Gyadi-Gyadi, sai ya kama hanyar Maiduguri ta Tarauni da Hotoro, ya ƙetare gadar Wudil, ya ratsa ƙasar Takai, ya isa Birnin Kudu, sa'an nan ya karkata kudu ya bi hanyar Bauci. Tun bai isa ba zai ga ƙasa ta fara sakewa. Gonakin da ya saba gani a jere, ba tudu ba gangare, sai su soma tsinkewa, duwatsu su riƙa ɓullowa ɗaya ɗaya, har su game su zama kamar garu. Dala da Goron Dutse da mu ke alfahari da su, in da za a ɗauke su a kai can, da sai su zama ƙananan yara a tsakanin manya.

Masana ilmin duwatsu sun ce waɗannan duwatsu saura ne na duwatsu masu aman wuta, waɗanda suka mutu tun fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce. Narkakken dutse ya taso daga cikin ƙasa, wani ya malalo waje, wani ya daskare a ciki, ruwa da iska suka yi ta cin na bisa har na ƙasa ya bayyana. Shi ya sa da yawansu suka tsaya a kewaye kamar zobe, da kwari a tsakiya. Ba su kaɗai ba ne irinsu. Jeri guda ne mai tsawo, ya taso tun daga Azbin, ya bi ta Damagaram, ya shigo ta Dutse da Ningi da Riruwai da Jos, har ya gangara kusa da Binuwai. Na arewa su ne tsofaffi, na kudu su ne na baya. A cikin irin wannan dutse a ke samun kuza, shi ya sa ku ke jin labarin haƙarta a Jos da Riruwai.

Babban kogin ƙasar shi ne Bunga. Daga tuddan Jos ya ke tasowa, ya ratso ƙasar Ningi ya nufi arewa maso gabas, can gaba a sake masa suna a ce kogin Jama'are. Daga nan ya gamu da kogin Haɗeja, wanda ke ɗauke da ruwan kogin Kano da na Calawa, su zama kogin Yobe, su nufi Tafkin Cadi. Ashe ruwan da ya wuce ƙarƙashin gadar Wudil da wanda ya sauka a kan duwatsun Ningi, makomarsu ɗaya. A kan wannan kogi ne, a Kafin Zaki cikin ƙasar Ningi, aka yi niyyar gina babbar madatsar ruwa tun ƙarshen shekarun 1970, bayan an gama ta Tiga cikin 1974. Aka fara aiki aka dakatar fiye da sau ɗaya. Mutanen Bauci suna son ruwan noman rani, mutanen fadamun Haɗeja da Nguru da na Yobe kuwa suna tsoron kada a tare musu ambaliyar da su ke noma da kiwo da su a cikinta.

Ruwan sama a Ningi ya ɗan ɗara na Kano, sabo da haka itatuwa sun fi kauri. Akwai ɗorawa, da kaɗanya, da tsamiya, da marke, da maɗaci. Ana noman dawa da gero da masara da gyaɗa da wake da riɗi, a fadamu kuma shinkafa da rake. A yammacin ƙasar akwai babban daji wanda hukuma ta keɓe cikin 1972 don kiyaye namun daji, a ke ce da shi dajin Lame da Burra.

Yanzu ku lura da abu uku game da ƙasa irin wannan. Na fari, doki ba ya hawan dutse, ƙarfin sarakunan Hausa kuwa a doki ya ke. Na biyu, a cikin kwarurukan akwai ruwa da 'yar ƙasar noma, mutum yana iya zama a ciki ya ci ya sha ba sai ya fito ba. Na uku, ƙasar ta faɗo ne daidai inda iyakokin Kano da Bauci da Zazzau suka kusanci juna, ko wane sarki yana ganinta can a ƙarshen ƙasarsa. Ku riƙe waɗannan uku, za mu komo kansu.

Mutanen Fari

Tun kafin Hausawa su zauna a wurin, duwatsun nan cike su ke da mutane, ko wane dutse da ƙabilarsa da harshensa. Akwai Butawa wajen Burra, da Kudawa, da Camawa, da Fa'awa waɗanda a kan ce da su Afawa, da Sirawa, da Diryawa, da Warjawa a gabas. Su Ningawa na asali wata 'yar ƙabila ce a cikinsu, daga baya ne sunansu ya rufe ƙasar duka. Ba su da sarki guda. Ko wane gari dattawansa ke riƙe da shi, da mai kula da wurin bautarsu na gargajiya. Manoma ne, maharba ne, suna da maƙera, rumbunansu kuwa a kan dutse su ke, inda mahari ba ya kai wa.

Masana harsuna sun raba harsunan nan gida biyu. Warjanci da Fa'anci da Siranci da Diryanci dangin Hausa ne na nesa, duk daga tushe guda suka fito, wanda a ke kira dangin harsunan Cadi. Butanci da Ninganci da Kudanci da Camanci kuwa ba su haɗa tushe da Hausa ba, danginsu suna wajen Kauru da arewacin Jos. Wannan ya nuna mana ba rana ɗaya mutanen suka hau dutse ba, ba kuma ta hanya ɗaya suka zo ba.

Tsakaninsu da Kano tsohuwa ce. Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga wajen 1390 zuwa 1410, ya yi yaƙi da mutanen da littafin ya kira Umbatu, masana kuwa suna ɗauka Butawa ke nan. Ya sha wuya a hannunsu ƙwarai, har an ce asarar da ya yi a can ita ta sa ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali cikin kayan yaƙin Kano. Bai ci su da hawan dutse ba, sai da ya zauna ya hana su noma, yunwa ta sauko da su. Sabo da haka in kun ga 'yan lifidi ran hawan salla, ku tuna da kibiyar mutanen dutse.

Malaman Tsakuwa

Tsakuwa gari ne a ƙasar Dawakin Kudu, maƙwabcin Gano, mai keke ma ya je daga Tarauni ya komo a yini guda. A nan wani malami ya ke zaune, Malam Hamza, da 'yan'uwansa malamai da almajiransu. Cikin 1846 Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya rasu, ɗansa Usman ya hau, ɗan'uwansa Abdullahi yana Galadima, shi ke riƙe da yawancin al'amuran mulki. A wajen wannan lokaci ne aka matsa wa malaman Tsakuwa su biya kuɗin ƙasa. Ba ƙaramin abu ba ne. Dokta Barth, Baturen nan Bajamushe da a ke kira Abdulkarim, wanda ya zo Kano cikin 1851, ya rubuta cewa ko wane mai gida yana biyan wuri 2,500 a shekara.

Malam Hamza da jama'arsa suka ƙi. Hujjarsu ita ce, abin da Shari'a ta ɗora wa Musulmi zakka ce, kuɗin ƙasa kuwa irin abin da aka yi jihadi don a kawar ne, ga shi ba a fi shekara 40 da jihadin ba an komo da shi. Su kuma masu mulki suna da tasu hujja. Akwai dawaki da za a saya, akwai ganuwa da za a gyara, akwai gaisuwar Sakkwato da za a aika, ba kuwa a riƙe ƙasa da hannu wofi. Ba mu ne za mu raba wannan gardama yau ba. Abin da ya faru dai, ba a sami mai shiga tsakani ba, malaman suka ga zama ba zai yiwu ba, suka kwashe iyalinsu da littattafansu suka yi kudu maso gabas, har suka faɗa cikin duwatsun da ke ƙarƙashin Bauci a lokacin.

Can suka tarar da mutane masu irin kukansu. Tun zamanin Sarkin Bauci Yakubu, wanda ya rasu cikin 1845, a ke karɓar gandu daga mutanen dutse, wanda ya ƙi a kai masa yaƙi. Malam Hamza ya shiga cikinsu, ya yi suna da asiri, har yau a kan ba da labaran abubuwan mamaki da a ke cewa ya yi. Ko mene ne gaskiyar waɗannan labarai, abin da ya yi wanda ya fi su duka ban mamaki shi ne, ya sa ƙabilun da ba su jin maganar juna suka haɗa kai. Su suna da dutse da baka da dafi. Shi kuma ya san karatu da rubutu, ya san dabarun fada, ya san yadda a ke shirya rundunar Hausa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Suka daina kai gandu Bauci.

Malam Hamza bai daɗe ba, 'yan shekaru kaɗan ya yi a can ya rasu. Amma abin da ya dasa ya kama. Malam Ahmadu ya gaje shi, aka kafa mazauni a cikin wani lungun duwatsu mai wuyar shiga, daga nan sarauta ta tsaya da ƙafafunta.

Shekara Hamsin Ana Gwabzawa

Bayan Ahmadu sai Abubakar Ɗanmaje, wanda ya riƙe ƙasar har wajen 1870. Daga shi sai Haruna Ƙarami har wajen 1886, sa'an nan Gajigi, sa'an nan Ɗanyaya, wanda Turawa suka tarar. A zamanin Ɗanmaje ne Ningawa suka bar tsaron gida suka fara fita. Suka sami dawaki, suka koyi hawa, da kaka ta yi sai su sauko kamar guguwa, yau a ji su a ƙasar Bauci, gobe a gabashin Zazzau, jibi a kudancin Kano, wajen Rano ko Tudun Wada ko Birnin Kudu. Kafin labari ya kai birni a ɗaura sirdi, sun kwashe mutane da dabbobi sun koma dutse.

Abin da ya ƙara wa labarin nan zafi, Galadiman nan Abdullahi shi ya zama Sarkin Kano cikin 1855, shi ne Abdullahi Maje Karofi, ya kuwa yi kusan shekara 28 bisa gado. Yaƙin Ningi ya ci masa lokaci mai yawa. Ya fita da kansa ba sau ɗaya ba, ya ƙarfafa garuruwan kan iyaka, ya mai da Takai sansani har da gidan sarki a ciki. Sarkin Bauci Ibrahim, wanda ya yi sarauta daga 1845 zuwa 1877, shi ma haka, a zamaninsa aka kafa Kafin Madaki don ya tare hanyar arewa. Duk da haka ba wanda ya iya tumɓuke su.

Me ya sa? Ku komo kan abu ukun nan. Barde in ya iso gindin dutse dole ya sauka, in ya sauka kuwa lifidinsa ya zama masa kaya, ga kibiya tana zubowa daga inda ba ya gani, ga duwatsu ana gangaro masa. In an ce a kewaye su a zauna, yawancin rundunar manoma ne, da hadari ya fara haɗuwa a gabas hankalinsu ya koma gona, na kan dutse kuwa rumbunsa na kusa da shi. Sa'an nan ba kullum ne sarakunan uku su kan fito lokaci guda ba. In Kano ta matsa, Ningawa su kan juya kan Bauci, in Bauci ta matsa su juya kan Zazzau.

Tsoron ya kai har kan manyan hanyoyin fatake. Wani Bature Bajamushe mai suna Staudinger, wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano cikin 1885, ya rubuta yadda matafiya ke fargabar Haruna da mutanensa. Ƙauyuka da yawa na kan iyaka suka tashi, mutane suka tattaru a garuruwa masu ganuwa, gonaki suka koma daji.

Dutsen kuma ya zama mafakar duk wanda zama ya gagare shi a ƙasar sarakuna. A zamanin Sarki Abdullahi aka kashe wani malami a kasuwar Kano, Malam Ibrahim, sabo da abin da ya ke koyarwa game da Annabi Isa. Almajiransa, waɗanda a ke kira Isawa, suka watse, waɗansunsu suka fake wajen Ningi. Daga cikin zuriyar Isawan nan ne waɗansu suka je wurin Likita Mila na mishan a Zariya cikin 1913, aka yi zaman Gimi, daga baya aka koma Wusasa. Ku da ke karatu a makarantun mishan, ga inda labarin nan ya taɓo ku.

To, amma kada mu gyara labari ya fi gaskiya kyau. Mutanen da suka bar gida don ƙin kuɗin ƙasa, magadansu sun zama masu karɓar gandu. Ƙabilar dutsen da ta ƙi bi, a kai mata hari kamar yadda a ke kai wa Kano. Warjawa musamman sun ga ta kansu, yau suna tsakanin Kano da Ningi, gobe suna tsakanin Ningi da Kano. Mutanen da aka kamo kuwa, manoma ne talakawa, waɗanda ba su aza wa kowa haraji ba, aka raba su da 'ya'yansu aka sayar. Haka kuma rundunar Kano da ta Bauci in sun ci wani gari na dutse, bayi su ke kwasowa. Ta ko wane gefe ka duba, talaka ne ya biya.

Zuwan Turawa Da Saukowa Daga Dutse

Cikin watan Fabrairu 1902 sojan Gwamna Lugga suka shiga Bauci. A wannan shekara suka nufi Ningi. Dutsen da ya gagari doki bai gagari bindiga mai ruwa ba, ga shi kuma mutanen ƙasar da yawa sun gaji da yaƙi. Ɗanyaya bai miƙa wuya ba, ya fita daga garinsa, a cikin shekarar ya rasa ransa. Kano kuwa sai ran 3 ga Fabrairu 1903 aka ci ta, Sakkwato cikin Maris. Watau abokan gaban nan na shekara hamsin, a cikin shekara guda aka rufe su da ƙwarya ɗaya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Turawa suka sa Ningi cikin Lardin Bauci, aka riƙa lissafa ta gunduma huɗu, Ningi da Ari da Burra da Warji. Aka hana hari da cinikin bayi, aka aza haraji a kan kowa, jikan malami da jikan mai dutse duk ɗaya. Ga abin da aka guje wa a Tsakuwa ya iske mutane har gida, wannan karo kuwa ba dutsen da za a hau.

Daga nan sai babbar sakewa ta zo, ba da yaƙi ba. Da tsoro ya kau, zaman kan dutse ya zama wahala kurum. Wa zai yi ta hawa da tulun ruwa a kai, ga fili a ƙasa ba mai hana shi? Hukuma ma ta fi son mutane a inda Di'o da mallaman haraji za su iske su. Sai garuruwa suka yi ta saukowa ɗaya bayan ɗaya, har mazaunin sarki ya bar lungunsa ya komo fili. Hausawa manoma da 'yan kasuwa suka shigo daga ƙasar Kano, Filani suka shigo da shanunsu, aka buɗe kasuwanni, aka yi hanyar mota. Musulunci ya bazu cikin ƙabilun, waɗansu kuma, musamman wajen Warji, suka karɓi addinin Kirista.

Cikin 1967 ƙasar ta faɗa cikin Jihar Arewa Maso Gabas, cikin 1976 kuma cikin Jihar Bauci. Sarautar ba ta mutu ba. Alhaji Yunusa Muhammadu Ɗanyaya ya hau cikin 1978, ya yi shekara 46 yana sarauta, ya rasu cikin watan Agusta 2024, ɗansa Haruna ya gaje shi. Ku dubi ikon Allah, a Kano ya rasu, birnin da sarakunan Ningi na dā ba su kusantarsa sai da mashi a hannu, aka ɗauke shi da girma aka kai shi gida. Allah ya ji ƙansa.

Yawan Jama'a

A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da 380,000 a ƙaramar hukumar Ningi, a ta Warji kuma fiye da 110,000. Faɗin ƙaramar hukumar Ningi murabba'in kilomita 4,625 ne. Don ku gane wannan, ku gwada ta da tamu. Tarauni murabba'in kilomita 28 ce kurum, amma a wannan ƙidaya an sami mutum wajen 221,000 a cikinta. Ga lissafi ga 'yan aji: Tarauni nawa za a zuba cikin Ningi? Za ku sami 165. Mutum nawa ke zaune a ko wane murabba'in kilomita? A Ningi 80 da 'yan kai, a Tarauni kusan 8,000. Inda mutum ɗaya ya ke tsaye a can, a nan kusan mutum 100 ne. Shekarun da suka biyo baya jama'a ta ƙaru ƙwarai a wuraren biyu, amma wannan gwaji ya isa ya nuna muku bambancin birni da ƙasar dutse.

Yawancin mutanen a fili su ke yanzu, a bakin hanya da bakin kogi, a garuruwa kamar Ningi da Burra da Nasaru da Gadar Maiwa. Kan duwatsu sai kufai, da tsofaffin ganuwar dutse, da birai. Amma halin ƙasa ba ya sakewa da wuri. Cikin 2022 da 2023 an sha jin labarin ɓarayin shanu da masu satar mutane sun ɓuya a dajin Lame da Burra, har hukuma ta kai musu farmaki. Wurin da ya ɓoye mai gudun zalunci, shi ne ya kan ɓoye azzalumi, dutse ba ya tambayar wanda ya shigo.

Akwai kuma wata asara wadda ƙidaya ba ta nunawa. Butanci da Ninganci sun mutu, jikokin masu su Hausa su ke yi. Harshen Kudawa da Camawa, da aka bincika cikin 1990, masu jinsa ba su kai 50 ba. Warjanci ne ke da sauran ƙarfi, da masu yinsa dubbai, Fa'anci da Siranci da Diryanci kuwa suna ta ja da baya. Abin da Kanajeji bai iya ba, abin da Maje Karofi bai iya ba, kasuwa da makaranta da auratayya sun yi shi ba da harba kibiya ko ɗaya ba. Mu masu Hausa muna murna harshenmu ya yaɗu, amma ya kamata mu san abin da ya kwanta a ƙarƙashinsa. Harshe in ya tafi, ya kan tafi da sunayen itatuwa da magunguna, da tatsuniyoyi, da labarin yadda mutanen suka ga yaƙin nan ta nasu gefe.

Abin Da Za Mu Ɗauka

Ruwa ba ya tsami banza. Gardamar wuri 2,500 a wani gari na ƙasar Dawakin Kudu, wadda da an zauna an saurari juna mai yiwuwa ne da ta mutu a zaure, ita ce ta zama wutar da ta ci iyakar ƙasashe uku shekara hamsin. A cikinku akwai waɗanda za su zama hakimai da alƙalai da ma'aikatan haraji. In mai ƙara ya zo gabanku, ku tuna da Tsakuwa. A cikinku kuma akwai waɗanda wata rana za su tashi neman hakkin jama'a. Su kuma su tuna da abin da magadan Malam Hamza suka zama bayan ƙarfi ya zo hannunsu.

Sa'an nan ga wani aiki da mu ke roƙonku. Yawancin abin da aka sani na sarakunan Ningi, daga bakin dattawa aka samo shi. Wani masanin tarihi Ba'amurke, Adell Patton, shi ya ƙetaro teku ya zauna da su, ya tattara, ya gama rubutunsa cikin 1975. Abin kunya ne a ce sai baƙo ya zo daga Amurka ya tambayi kakanninmu abin da mu ba mu tambaye su ba. A unguwannin Tarauni akwai mutanen Takai da Sumaila da Birnin Kudu, akwai na Ningi da Warji da Burra, kuna zama benci ɗaya da 'ya'yansu. In an ba da hutu, kowa ya sami tsoho ko tsohuwa na gidansu, ya gaishe su da ladabi, ya tambaye su daga ina aka taso, me ya tashe su, da wane harshe kakansu ya ke magana. Ya rubuta abin da ya ji yadda ya ji shi, kada ya ƙara gishiri, ya sa sunan garin da ranar da aka gaya masa, ya kai wa malaminsa. Wanda ya sami ko kalma 20 ta Butanci a bakin wata tsohuwa, ya tsamo abin da ba a saye da kuɗi.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa mu amfana da abin da ya wuce. Amin.